Neman kalmar Hausa: me za mu kira "aerosol" a maganar yaɗuwar mura tsakanin dabbobi?

Jama'a, assalamu alaikum. Masu fassara labaran lafiya da na kiwon dabbobi suna yawan cin karo da wannan kalma duk sa'ad da ake bayanin yadda mura ke tashi daga wata dabba ta kama wata ba tare da sun taɓa juna ba, kuma har yau kowa da abin da yake rubutawa: wannan ya ce feshi, wancan ya ce tururi, wani kuma ya bar ta da Turancinta. Ya kamata mu tsaya a kan kalma ɗaya, amma sai mun fara sanin abin da muke shirin raɗa wa suna.

Idan dabba mai mura ta yi tari ko atishawa, kai ko da numfashi kawai, damshin hancinta da maƙogwaronta yana fita ɗauke da ƙwayoyin cutar. Manyan ɗigo-ɗigon sukan faɗi ƙasa cikin daƙiƙoƙi, galibi ba sa wuce mita ɗaya ko biyu. Ƙananan kuwa ruwansu kan bushe tun kafin su kai ƙasa, sai ɗan abin da ya rage ya yi ta shawagi na mintoci ko sa'o'i, har wata dabba ta shaƙe shi ya gangara can cikin huhunta. Wani masani ɗan Amurka, William Wells, ya bayyana wannan tun a 1934, kuma masana sun daɗe suna sanya iyakar da ke tsakanin manyan ɗigon da ƙananan a maikiron 5, wato abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na kaurin silin gashi ba. Waɗannan ƙananan su muke nema wa suna.

Gwajin da ya fi fito da al'amarin fili shi ne wanda masanin ƙwayoyin cuta Ron Fouchier da abokan aikinsa suka yi a Rotterdam ta ƙasar Holan, aka buga shi a 2012. Sun yi amfani da feret, wata ƙaramar dabba mai dogon jiki wadda mura ke kama ta kusan yadda take kama mutum, har da atishawa. Aka sa mai ɗauke da murar tsuntsaye ta H5N1 a keji ɗaya, mai lafiya a keji na kusa, tsakaninsu ragar ƙarfe da tazarar santimita 10, babu haɗa jiki, babu haɗa abinci ko ruwan sha, sai iska da ke ratsawa daga wannan zuwa wancan. Ƙwayar cutar ta asali ba ta tsallaka ba. Amma bayan an yi mata wasu sauye-sauye, aka kuma bi da ita ta jikin feret sau goma a jere, sai ta tsallaka, kuma sauyi biyar kacal ya wadatar. Abin lura a gare mu shi ne, a tazara irin wannan ba a iya tantance ko manyan ɗigon ne suka kai cutar ko ƙananan, saboda haka muna buƙatar suna ga kowanne, da kuma wata kalma da za ta tattara su biyun.

Feshi kalma ce mai kyau, sai dai tana nuna abu mai fita da ƙarfi ya jiƙa na kusa sannan ya faɗi, don haka ta fi dacewa da manyan ɗigon: feshin tari, feshin atishawa. Tururi kuwa ina roƙon a ajiye shi gefe, domin ruwa ne da zafi ya mayar iska, kuma mai karatu zai ɗauka akwai zafi a cikin maganar, alhali babu.

Abin da nake ba da shawara shi ne "hazon numfashi". Hazo ƙananan abubuwa ne da ke rataye a iska, ba sa saurin sauka, suna tafiya nesa, kuma shaƙarsu ake yi, wato duk siffofin da muke so mai karatu ya gane. Na san za a ce hazo ana ganinsa, wannan kuwa ba a gani. Gaskiya ne, amma ko hazon ma tarinsa ake gani, ba ƙwayarsa ɗaya ba, kuma wannan ɗan giɓin bai kai ya hana mu kalmar da kowane makiyayi zai ji ya fahimta nan take ba.

Kalmar da ta tattara su biyun ita ce "yaɗuwa ta cikin iska", wadda ta yi daidai da matsayar Hukumar Lafiya ta Duniya a 2024, inda ta daina raba ɗigon gida biyu da tsayayyar iyaka. Ina gargaɗi ƙwarai a kan "cutar iska", domin Bahaushe idan ya ji ta aljanu ke zuwa masa a rai, kuma wanda ya ɗauka iskoki ne suka taɓa dabbarsa ba zai nemi likitan dabbobi ba.

A kuma kiyaye sanya hazon numfashi a inda ba shi ne ba. A jikin agwagin daji murar ta fi zama a hanji, tana fita ta kashi ta gurɓata ruwa. Shanun madara da H5N1 ta kama a Amurka tun daga watan Maris na 2024 kuwa, an sami ƙwayar cutar da yawa a cikin madararsu, kuma kayan tatsa aka fi zargi. A gidajen kaji, busasshen kashi da ɓurɓushin gashi sukan tashi sama ɗauke da cutar, wannan kam ba daga numfashi ya fito ba, don haka "ƙura mai ɗauke da cuta" ta ishe shi suna. Ina sauraron likitocin dabbobi da malaman harshe a kan hazon numfashi, musamman idan akwai karin harshen da kalmar za ta ba da wata ma'ana dabam.