Na samu Bak a Garwa: CCNA zan fara ko jami'a?

Ɗan Garwa: Assalamu alaikum yayyena. Bana na samu Bak, wato takardar kammala sakandare, ina son shiga harkar kwamfuta da rezo, wato haɗa kwamfutoci da juna. Wata cibiya ta ce in yi wata uku za ta ba ni "takardar Cisco", wasu kuma sun ce in wuce jami'a. Kuɗina kaɗan ne, Turancina ma sai a hankali. Ta ina zan kama?

Mai Rezo: Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin ka ba da ko sisi, tambaye su wace takarda ce. Wadda cibiya ke bayarwa shaidar halartar darasi ce kawai. CCNA ta ainihi, wato takardar ƙwarewa kan rezo ta kamfanin Cisco, sai ka zauna jarrabawa mai lamba 200-301 ta hannun kamfanin shirya jarrabawa Pearson VUE: minti 120, dala 300 ta Amurka, wato sama da sefa dubu 150, kuma bayan shekara 3 sai an sabunta ta. In ka faɗi, sabon kuɗi za ka biya. Ba a yin ta da Faransanci. Darussan Cisco Networking Academy kam akwai su da Faransanci, ka fara da su, amma kowace kalmar aiki ka riƙe ta da Turanci tun yanzu. Ka sauke Packet Tracer, manhajar Cisco ta gwada haɗa rezo a kwamfuta, kyauta ne. Kada ka yi rajista sai ka iya raba adireshin IP, lambobin na'urori a rezo, da ka: a ce maka /26, alamar girman rezo, nan take ka ce adireshi 64, na'ura 62. Nan ne da yawa ke cinye lokacinsu a ɗakin jarrabawa.

Malama daga Ngawundere: Ɗana, kada ka yar da difloma. Gasar shiga aikin gwamnati takardar makaranta take nema, difloma irin BTS ko DUT, ko digirin lisans. Akwai IUT, cibiyar fasaha mai ba da DUT, a Jami'ar Ngawundere, akwai makarantar Polytechnique a Jami'ar Marwa. DUT shekara 2 ce, a cikinta ka shirya CCNA sannu a hankali.

Mai Gyara: Ni hannu nake ji. Sayi filayar matse kan wayar rezo (RJ45), na'urar gwajin waya, da waya mita 10. Jerin launukan silin waya a cikin kan, wanda ake kira T568B: fari-lemo, lemo, fari-kore, shuɗi, fari-shuɗi, kore, fari-ƙasa, ƙasa. Yawancin wayar da ta ƙi aiki, ko an sauya wurin kore da shuɗi, ko silin bai kai ƙarshen kan ba kafin a matse. Kuma waya ɗaya kada ta wuce mita 100. Nemi tsohuwar kwamfuta ka kwance ta, ka cire RAM, wato memorin kwamfutar, ka goge ƙurar hunturu, ka sa mata Windows, ka share ka sa Linux. Abin da CompTIA A+, takardar ƙwarewa kan gyaran kwamfuta, ke tambaya ke nan, sai dai ita jarrabawa biyu ce, kuɗi biyu. A ganina ka koyi abin da ke cikinta, kuɗin ka ajiye wa CCNA.

Mai Rezo: Na manta abu ɗaya. Ana iya zama jarrabawar CCNA daga gida da kyamara, amma in wuta ta ɗauke, ko intanet ya yanke, ko wani ya turo ƙofa, ana iya soke ta. Gara ka duba cibiyar gwaji a shafin Pearson VUE, ko da sai ka kai Yawunde. Sunan da ka yi rajista da shi ya zo daidai da na katin ɗan ƙasa, harafi da harafi, in ba haka ba a bakin ƙofa za a tsayar da kai.