Haɗa miksa da amfilifaya da wuta: abin da masu aikin sauti a Katsina da Daura suka gani

Mai kula da kayan sauti na wani masallaci, Ƙofar Marusa, Katsina:
Assalamu alaikum. Kwamitin masallacinmu ya sayo miksa, wato na'urar da ke haɗa muryoyin makirfo da yawa wuri guda, mai layi 12 domin tafsirin azumin bana, saboda tsohuwar amfilifayarmu, wato na'urar da ke ƙara wa murya ƙarfi ta tura ta sifikoki, ba ta ɗaukar makirfo fiye da biyu, alhali akwai malam, da alaramma mai jan baƙi, da mai sanarwa. Tun da muka haɗa ta abubuwa biyu ke damun mu. Akwai kugi mai kauri da ke fita daga sifikoki ko da babu mai magana, sannan duk lokacin da aka ɗauke wuta aka tayar da janareta, sai sifikokin su yi wata ƙara da ke razana mutanen sahun gaba. Ina roƙon waɗanda suka daɗe a wannan sana'a su gaya mana yadda suka magance irin wannan, domin kayan na jama'a ne, kuma amana ce a hannuna.

Mai bayar da hayar kayan sauti, Daura:
Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri. Ita wannan ƙarar daga tsarin kunnawa take. Idan miksa ta samu wuta alhali amfilifaya tana kunne, ɗan bugun da miksar ke yi yayin tashi sai amfilifaya ta ƙara masa ƙarfi ta tura shi cikin sifika, kuma na ga ƙananan sifikoki masu fitar da siririyar murya sun ƙone ta wannan hanya a wajen walima. Ka'idar ita ce a fara kunna miksa, a kunna amfilifaya a ƙarshe. Wajen kashewa kuma amfilifaya ce ta farko. A wurin aikina akwai yaro guda da na ɗora wa wannan nauyi: da zarar an ɗauke wuta, zai kashe amfilifaya kafin wani ya taɓa canjoba, wato makunnin da ke mayar da wuta kan janareta, a bar janareta ya tashi har sautinsa ya daidaita, sannan a mayar da kaya ɗaya bayan ɗaya. Kada kuma a haɗa kayan sauti da injin jan ruwa ko firiza a kan ƙaramin janareta guda, domin duk sa'ad da suka tashi wutar tana faɗuwa.

Mai gyaran kayan lantarki, kusa da Babbar Kasuwar Katsina:
Alhaji ya gama magana a kan ƙarar, ni kuma zan tsaya a kan kugin, domin shi ne ya fi kawo mini mutane shago. Wutarmu a Najeriya bolt 230 ce, tana kaiwa da komowa sau 50 a daƙiƙa, kuma wannan kaiwa da komowar ce kunne ke ji idan ta kutsa cikin wayar sauti. Abin da na fi tararwa shi ne an soka miksa a soket na wajen mumbari, amfilifaya kuma a wani soket can cikin ɗakin ladan, sai wata 'yar wuta ta riƙa zagayawa tsakaninsu ta cikin wayar da ta haɗa su. A ɗauko wutar dukkan kayan daga soket guda mai inganci, sau da yawa nan take kugin yake raguwa.

Sai batun wayar kanta. A bayan miksa, inda aka rubuta MAIN OUT, za ka ga rami mai ƙafa uku da ake kira XLR. Ƙafa ta 1 ta garkuwar waya ce, ta 2 da ta 3 kuma suna ɗauke da murya ɗaya a juye da juna, ta yadda duk hayaniyar da ta shiga a hanya za ta soke kanta idan ta isa amfilifaya. Waya mai jak na zobe ɗaya ba ta da wannan kariya, kuma idan ta wuce kamar mita 5 ko 6 sai ta fara kwaso ƙarar fanka da fitilu.

Abin da nake roƙon kowa da girman Allah shi ne kada a karya doguwar ƙafar fulogi, wato ta wayar ƙasa, da sunan kashe kugi. Ana kawo mini kaya da yawa an yi musu haka. Jikin makirfo ƙarfe ne, yana haɗe da jikin miksa, shi kuwa liman yana tsaye ba takalmi, wataƙila da danshin alwala a hannunsa. Idan wuta ta zubo a jikin na'ura babu wayar ƙasa, ta jikinsa za ta bi. Malam, ka kashe wuta ka sa a kwance soket ɗin a duba, domin na buɗe da dama masu rami uku na tarar babu waya ko ɗaya a ramin sama. Idan haka ne, a kafa sandar tagulla a inda ƙasa ke da danshi, kamar gefen wurin alwala, tunda ƙasarmu tana bushewa ƙwarai da rani, a jawo waya daga nan.

Mai ɗaukar shirye-shirye a wani situdiyo, Katsina:
Ina ƙara wa maganar Yaya abu ɗaya. A karanta rubutun da ke gefen ramin wuta kafin a soka fulogi. Wasu kayan na hannu daga Amurka suke, na bolt 120, kuma na taɓa ganin wata miksa da aka kawo mana aro ta yi hayaƙi kafin a ce kwabo. Wadda aka rubuta mata bolt 100 zuwa 240 babu damuwa. Maɓallin da aka rubuta 48V kuma na makirfon situdiyo ne, a bar shi a kashe idan ba irinsa ake amfani da shi ba. Idan za ku naɗi tafsirin don sakawa a Facebook, ku ɗauka daga ramin miksa da aka rubuta REC OUT, kada ku taɓa layin da ke zuwa amfilifaya.

Dattijo mai haɗa lasifikar masallatai, Daura:
'Ya'yana, ku tantance irin miksar tukuna. Wadda ba ta da amfilifaya a cikinta ba za ta iya tuƙa sifika kai tsaye ba, wadda kuwa take da ita, idan aka kai mafitarta ta sifika cikin bakin wata amfilifaya, ɓarna za a yi. A amfilifayar masallaci irin ta kamfanin Ahuja akwai wurin ɗaure waya na om 4, 8 da 16 (om shi ne ma'aunin turjiyar sifika ga wuta), da kuma na 100V. Lasifikokin saman hasumiya masu taransifoma a 100V ake ɗaure su, saboda nisan waya. Na cikin masallaci kuwa a yi lissafi: biyu masu om 8 idan aka haɗa su kafaɗa da kafaɗa, wato jar waya da ja, baƙa da baƙa, sun zama om 4, huɗu sun zama 2, ƙasa da 4 ɗin da amfilifayar ke iya ɗauka, kuma a nan ne amfilifaya ke ɗaukar zafi ta mutu, musamman a zafin watan Afrilu.

Mai kula da kayan sauti, Ƙofar Marusa:
Na gode, Baba, na gode muku duka. An kwance soket ɗin bayan sallar azahar, kuma kamar yadda Oga mai gyara ya faɗa, babu wayar ƙasa a ciki. Mun mayar da miksa da amfilifaya soket guda, mun sa wayar XLR a tsakaninsu, kugin ya ragu har sai ka kai kunne jikin sifika kafin ka ji shi. Kwamiti ya amince da kuɗin sandar tagulla, mai aikin zai zo ranar Asabar in sha Allahu, kuma na rubuta tsarin kunnawa da kashewa a takarda na manna a jikin akwatin kayan saboda ladan.