Maigidana na gigin tsufa, ina zan samu mai taya ni a Sakkwato?

Uwargida Mabera:
Assalamu alaikum. Maigidana shekarunsa 72, likita ya ce cutar mantuwa ce. Da safe lafiya lau, amma da an yi la'asar sai ya rikice, ya ɗauki hula ya ce gida za shi, alhali yana tsakar gidansa. Sau biyu yana fita ba mu sani ba. Wanka kuwa sai an kai ruwa rana. Yara duk suna aiki nesa. Yaya zan yi, kuma ina ake samun mai taimako?

Nas Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba da lada. Rikicewar yamma sananniya ce a wannan ciwo, gajiya da dusashewar haske na iya tsananta ta. A kunna fitila tun kafin magariba, a kashe talabijin, a rage masa dogon barcin rana, shayi mai ganye kuma ya tsaya da safe. In ya ce gida za shi, kada ki yi masa gardama, don ba zai riƙe bayanin ba, ɓacin ran ne zai zauna. Ki ce, "To Alhaji, bari mu sha fura tukuna," ki zaga da shi tsakar gida.

Amma ki lura: idan ruɗewar ta ƙaru farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, a kai shi asibiti ranar. Galibi ciwon mafitsara ne, ko maleriya, ko rashin bahaya, ko ƙarancin ruwa a jiki. Zafin Sakkwato na Maris zuwa Mayu yakan wuce digiri 40, shi kuwa yana manta ƙishirwa, ba zai nema ba. Ki miƙa masa kofi duk bayan awa ɗaya ko biyu, lita ɗaya da rabi zuwa biyu a wuni, sai in likita ya taƙaita saboda zuciya ko ƙoda.

Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da kuma asibitin tarayya na Kware. Akan fara donepezil, maganin da likita ke bayarwa don cutar mantuwa, da miligiram 5, a kai 10 bayan wata ɗaya ko makonni shida. Ba ya warkarwa, sassautawa yake yi, kuma yana iya kawo zawo, tashin zuciya ko ragin bugun zuciya. Don Allah kada a sayo maganin barci a kemis, faɗuwa da ƙarin ruɗewa yake jawowa.

Malam Na Arkilla:
Batun fita: a sa sakata can sama da ƙofa inda idonsa ba ya kaiwa, a rataya ƙaramar ƙararrawa. A ɗinka lambar wayarki cikin wuyan kowace rigarsa, don takarda a aljihu jefarwa zai yi. A faɗa wa liman, mai shago da 'yan kabu-kabun bakin layi, su ne za su fara ganinsa. A rufe rijiya, a ɗauke makullin mota. Ɗaure shi ko kulle shi a ɗaki shi kaɗai ƙara masa fitina yake yi.

Wanka kuma sau biyu ko uku a mako ya isa, sauran ranaku a goge da tsumma mai ɗumi. Ku fara da alwala, jikinsa bai manta ta ba, daga nan a zarce. Salla da azumi ba su wajaba a kan wanda hankalinsa ya gushe ba, kada a matsa masa.

Inna Ƙofar Marke:
Hajiya, namiji za ki nema, da yawan dattawa maza sun fi yarda namiji ya yi musu wanka. Ki tambayi nas-nas ɗin asibitin da yake zuwa, sun san ma'aikatan lafiya masu aikin gida in sun tashi. Ki ɗauki mai taimakon aiki daga la'asar zuwa isha'i, lokacin da ya fi wuya. Makon farko ki zauna tare da su, kuma mutum ɗaya ya riƙe aikin, sauya fuska na firgita shi. Nauyin biyan kuɗin aikin kuwa a raba wa yara a rubuce, kowa da watansa. In hali ya yi ƙaranci, ki je sashen walwalar marasa lafiya na asibiti, ki kuma kai koke Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha da takardar likita a hannu.