Muhawara: Janye talla toshe baki ne?

Malam: Jama'a, kun ji wata tasha a nan Gusau ta dakatar da mai shirin safe? Ya caccaki masu ɓoye taki, wani dila ya janye tallarsa, washegari sai kiɗa aka sa a filin. Ni dai toshe baki na kira shi. Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa.

Alhaji: Allah gafarta Malam, sashen cewa ya yi a bar mutum ya yi magana, bai ce in saya masa man janareta yana zagina ba. Kuɗina ne, inda na ga dama zan kai.

Hajiya: Alhaji, ai ba janyewar ce matsalar ba. Kiran manaja a waya ne, a ce "ko shi ko mu". Wannan kuma ya wuce ciniki.

Alhaji: Ko a Amurka an yi. A 2007 kamfanoni suka janye daga shirin rediyon wani mai gabatarwa, Don Imus, bayan ya ci mutuncin 'yan mata 'yan ƙwallon kwando, gidan rediyon CBS ya sallame shi.

Hajiya: Shi zagi ya yi. Namu farashin buhu ya faɗa.

Kawu: Ku saurara, na yi aikin rediyo. Dilan taki ƙaramin alhaki ne. Babban mai talla a jihohinmu gwamnati ce da 'yan siyasa: sanarwa, sayen fili, taya murna. Idan suka riƙe bashi, albashi ya tsaya cak. Ba sai kowa ya kira ka ba, kai da kanka za ka tauna harshe kafin ka buɗe makirufo. Kun tuna Oktoban 2022, da gwamnatin Matawalle ta rufe NTA Gusau da Pride FM da wasu tashoshi kan ɗauko taron PDP? Hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa, NBC, ta ce gwamnatin jiha ba ta da wannan hurumin, gwamnatin ta ba da haƙuri. Wancan an gan shi, shi ya sa aka yi ca. Riƙe kuɗin talla fa, wa za ka kai wa ƙara?

Malam: To Kawu, mafita?

Kawu: Masu sauraro su ɗauki nauyin shirin.

Alhaji: Mutanen da ko katin kiran shirin ba sa sawa, sai filashin? Hajiya, ke fara, nawa za ki bayar duk wata?