Koya wa yaro da babba hawan keke: yaya kuke yi?

Mai tambaya, Ƙofar Marusa: Jama'a, yaro ɗan shekara 7 da yayarsa 'yar 19 ke son koyon keke. Ta ina ake farawa?

Mai gyaran keke, Ƙofar Ƙaura: Malam, fara da cire feda biyun. Sifana mai lamba 15 ake sa wa, amma ka lura: ta hagu zarenta a juye yake, ta hannun agogo take kwancewa, nan mutane ke lalata ta. Sai ka sauke sirdi har tafin ƙafa biyu ya taka ƙasa. Ya riƙa turawa da ƙafa yana ɗagewa. Ranar da ya ƙirga goma bai taka ba, ka mayar da feda. Ɗan shekara 7 taya inci 20 ce daidai da shi. Keken babansa da yake zura ƙafa ta ƙarƙashin ƙarfe, hannunsa ba ya ma kai birki.

Malamar firamare, Ƙofar Guga: Kada a riƙe masa kan keken, a dafa bayansa kawai. Idonsa gaba, don inda ido ya kalla can keke ke zuwa. Ita kuwa yayar, kunya ce matsalarta fiye da tsoro, a kai ta fili da sassafe. Ta sa wando, ta tattare hijabi, sarƙa ba ta da wasa da tufa.

Tsohon direba, Ƙofar Soro: Gaskiyarki Malama. Na ƙara da birki: a matsa biyun tare a hankali. Wanda ya danne na gaba shi kaɗai, ta kai zai tuntsura. Yashin gefen kwalta ma haka, kada ya karya kwana ko ya ja birki a cikinsa, taya zamewa take.

Kafin titi, sai ya iya waiwaye ta kafaɗar hagu keken bai karkace ba, ya iya sakin hannu ɗaya ya nuna inda zai juya. Hannun dama ake bi. Masu bin hannun da ba nasu ba wai don su ga mota, su 'yan acaɓa ke kwashewa a mahaɗa. Motar da ke tsaye ya ba ta ratar mita ɗaya saboda ƙofa. Tirela kuma, in bai ga madubinta ba direban bai gan shi ba.

Mai gyaran keke: Baba, ka manta shataletale. Sabon koyo ya sauka ya tura kawai.