Wankin fim 4x5 a gida: tankin Jobo na hannu ko mai mota?

Ɗan Kurna: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na samu tsohuwar kyamarar 4x5 (mai ɗaukar fim falle-falle, inci 4 da inci 5) da kwalin fim ɗin Fomapan 100 falle 50. A Kano nake, ɗakin haya, ba ni da ɗakin duhu sai jakar duhu, wuta kuma kun san halinta. Abu biyu nake dubawa: tankin Jobo 2520 da ril 2509n (abin jera fim a cikin tankin) in riƙa mirginawa da hannu, ko in ƙara kuɗi in ɗauko tsohon injin CPE-2 mai mota, wanda ke juya tankin da wutar lantarki. Wanda ya taɓa yi a wannan zafin namu ya ba ni shawara don Allah.

Baba Mai Hoto: Wa alaikumus salam. Yaro, faranti uku ya ishe ka. Difelofa mai fito da hoto, ruwa, fiksa mai tabbatar da shi. Shekara talatin ina wanki a situdiyo ban taɓa ganin wannan tankin ba. Ka rufe ɗakin duhunka da kyau kawai.

Ɗan Kurna: Baba, ai na ce ba ni da ɗakin duhun.

Na Manchesta: Ni tankin SP-445 nake amfani da shi, falle huɗu, magani mil 475, ba ruwanka da mirgine. Kawai ka tara ruwan famfo a digiri 20.

Hajjaju: Digiri 20 a famfon Kano? A watan Afrilu ruwan tankin sama shayi kawai ya rage a zuba masa. Ni ruwan randa nake ɗiba in jefa ƙanƙara a leda, in tsoma kwalaben a ciki har awo ya sauko. Matsalar mirgine ita ce maganin mil 270 da ake zuba wa tankin Jobo bai da yawa, kafin minti biyar ya ɗau zafin ɗaki.

Sarkin Inuwa: Kada ka sayi mai mota. Ka ji daga bakin wanda ya ƙone. Bara da ƙaramar salla na je ƙauye na ɗauki kakata falle shida, ita da tsohuwar da sam ba ta yarda da hoto, sai da na yi kwana biyu ina lallashi. Na dawo na jera su duka shida a ril ɗaya, wai ina tattalin magani. Minti uku da zuba difelofa aka ɗauke wuta. Na fita tayar da janareto, igiya ta tsinke. Da na dawo tankin na kwance shiru. Ku tuna a kwance maganin ƙasan tankin kawai yake taɓawa, juyawar ce ke kai shi ko'ina. Falle biyu sun yi baƙi ƙirin, sauran layi ya raba su gida biyu, ɗaya daidai kan fuskarta. Bayan wata biyu Allah ya yi mata rasuwa. Injin yana nan ƙarƙashin gado, ko kallonsa ba na son yi.

Hajjaju: Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Na Manchesta: Allah ya gafarta mata. Amma ɗan uwa, da ka cire tankin ka ci gaba da mirginawa a kan tebur, ai haske ba ya shiga. Laifin ba na injin ba ne.

Sarkin Inuwa: Malam, sau nawa aka ɗauke maka wuta a Ingila? A cikin duhu da ruɗewa ba lissafi ake yi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ɗan Yamai: Wani abin da ba a faɗa ba. Falle huɗu na 4x5 daidai suke da fim ɗaya mai hoto 36, shida kuwa ɗaya da rabi ke nan. In ka sirka difelofar D-76 da ruwa rabi da rabi a mil 270, maganin zai mutu kafin ya gama aiki, nagatif ya fito fari-fari. Ni huɗu nake sawa. Kuma kamfanin fim na Ilford sun ce a rage lokaci kamar kashi 15 cikin ɗari in juyi ba tsayawa, Jobo kuma sun ce a jiƙa fim minti biyar tukuna. Na gwada duka, na tsaya a kan ragewa.

Baba Mai Hoto: Duk karatun YouTube ne wannan. Mu da ido muke gane ya yi.

Ɗan Yamai: Ranka ya daɗe, takarda kuke wankewa a ƙarƙashin jar fitila. Wannan fim ɗin jar fitila ma ƙona shi take. Da wane idon?

Kwamared: Ku ba shi almajiri ya riƙa mirgina masa, in an gama ya ba shi tuwo. Jobo mai amfani da tuwo, ba ruwansa da wuta 😂

Na Manchesta: Kuɗin kuwa, tanki da ril na hannu na gani fam 70.

Hajjaju: Ina? Ni ril ɗin kaɗai dala 90 ya zo mini, kuma babu fikafikan nan biyu da ke hana layi a gefe.

Sarkin Inuwa: Nawa duk da injin zan bayar a dubu 150.

Kwamared: Yanzu ka gama ce masa kada ya saya!

Ɗan Yamai: Tankin ma sau ɗaya ake saye. Ciwon kan shi ne shigo da kaya. Maganin ruwa irin Rodinal yawancin masu aikowa ba sa ɗora shi a jirgi, sai na gari.

Hajjaju: Kar ka tuna mini. Kwalin fim ɗina na HP5 wata uku yana hannun wani ejan, da ya iso an yanke bakin ledar ciki, wai ana duba ko mene ne. Falle 25 sun sha haske. Na yi magana ya ce ai duk suna nan, in ƙirga.

Na Manchesta: Sabbin na'urorin CT masu duba kaya a filin jirgi ma wucewa ɗaya suke lalata fim. Ku roƙi a duba da hannu.

Hajjaju: Dubawa da hannun ce ai ta kashe ni.

Ɗan Kurna: Jama'a, na hannun ko mai motar?

Kwamared: Hajjaju, wane ejan ne? Ina da kaya a hanya, turo mini ta akwati.