Gwammaja: baki ne da mu ko yatsa?

Ɗan Sahu: Jama'a ku raba mana gardama. Ɗazu na ɗauki wani fasinja daga Ƙofar Ruwa, ya ce wai mu 'yan Gwammaja baki ne da mu kawai, ranar zaɓe barci muke. Na ce masa unguwar da gidan Mambayya na Malam Aminu Kano yake? Ai nan ko jariri da jam'iyyarsa ake haifarsa. Kaf Kano babu inda ake fita zaɓe kamar nan.

Baba Tela: Ka gaya masa daidai, ɗana. A 1979 tun bayan asuba muka tsaya a layi muka yi PRP, Rimi ya hau kujerar gwamna. Da PRP ta rabu gida biyu, santsi da taɓo, kuwa, akwai gidan da uba ɗan taɓo ne ɗa ɗan santsi, kwano ɗaya ma suka daina ci. Siyasar Kano sai Kano.

Anti Malama: Baba, a yi mini afuwa, amma fasinjan nan bai yi ƙarya ba. A 2023 masu rajista a jihar nan sun haura miliyan 5.9. Zaɓen shugaban ƙasa Kwankwaso ya samu 997,279, Tinubu 517,341, Atiku 131,716, Obi 28,513. Ku haɗa, wajen miliyan 1.7 ke nan. Cikin mutum goma, bakwai suna gida. A 2015 Buhari shi kaɗai ya kwashi 1,903,999, ya fi abin da dukkansu suka samu a 2023.

Ɗan Sahu: Anti wannan lissafin jiha ne. Ƙauyuka ne suka ja mu ƙasa.

Mai Shayi: Wane ƙauye? Kai dai kada ka sa in tona. Ni nake da teburin da ake siyasar layin nan, kullum sai sha biyun dare, mai jar hula a wannan benci, ɗan tsintsiya a wancan, har sai na ɗauke wuƙar yanka burodi. Ranar zaɓen gwamna na buɗe da yamma, ina miƙa kofi ina kallon farcen babban yatsan kowa. Waɗanda suka fi kowa ɗaga murya, farcensu fes, ko ɗigon tawada babu. Amma su ne kan gaba wajen murna washegari.

Ejan: Malam mai shayi akwai gaskiya a maganarka, amma lissafin Anti ma da gyara. Sau biyu ina ejan a akwatinmu. Rajistar nan da ake liƙawa a bango, na ga sunan mutanen da ni da kaina na raka gawarsu maƙabarta. Ga 'yan matan da suka yi rajista a nan aka kai su aure Rijiyar Zaki ko Kurna, ranar zaɓe kuma an hana zirga-zirga, ya za su zo? Wasu kuma dama sun yi katin ne don su samu abin nunawa a banki. Kenan miliyan 5.9 ɗin nan ba duka ba ne masu iya tsayawa a layi.

Anti Malama: Na yarda da matattu da amare. Amma a cire miliyan ɗaya cur, har yanzu waɗanda ba su fita ba sun fi waɗanda suka fita yawa nesa ba kusa ba.

Gwaggo Mai Ƙosai: Ku dai maza ku yi ta lissafi. Mu ne muka cika layi, da goyo a baya, rana tana dukanmu. Kuma kun manta lokacin canjin kuɗi ne? Naira ɗari biyar ta gagari magidanci, mutum ya kwana a layin banki sannan ka ce ya zo ya kama wani layin.

Ɗan Sahu: Gwaggo, ai ku taliya da atamfa ce ta fito da ku 😂

Gwaggo Mai Ƙosai: Ka kiyaye ni, yaron nan. Na karɓa, kuma na dangwala wa wanda raina yake so. Wa ya bi ni cikin rumfar?

Mai Shayi: Ni abin da nake ji a bakin matasa ɗaya ne, inkonkulusib. Tun 2019 da aka ce zaɓen gwamna bai kammala ba aka sake a Gama da wasu wurare, da yawa suka ce sun gama.

Ejan: To ai wannan hujjar tawa ce, ba tasu ba. Ratar da ta raba Ganduje da Abba a ƙarshe ba ta kai dubu tara ba, a jiha mai ƙananan hukumomi 44. 'Yan teburin shayin Dala kaɗai sun isa su juya ta. Kuma a 2023 an fito an kasa an tsare an raka, Abba 1,019,602, Gawuna 890,705.

Mai Shayi: Sannan kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke wa Abba ƙuri'a 165,663, aka zauna cikin zullumi har Kotun Ƙoli ta mayar da su a Janairun 2024. Wanda ya sha rana ya ga ƙuri'arsa tana yawo a kotu wata da watanni, da wane baki za ka ce masa ya sake?

Baba Tela: Mu da aka ɗaure iyayenmu saboda NEPU ba su ce sun gaji ba. Amma ni ban yarda Gwammaja tana cikin masu barcin nan ba, sai na gani a rubuce.

Anti Malama: Shi ne magana, Baba. Ejan, ba ka da hoton takardar sakamakon akwatinmu? A jiki ake rubuta masu rajista da waɗanda aka tantance.

Ejan: Yana tsohuwar wayata, tana wajen mai gyara a Farm Centre. Zan karɓo gobe in Allah ya kai mu.

Mai Shayi: Kafin nan, Ɗan Sahu, a wane akwati ka yi naka?

Ɗan Sahu: Caji ya kusa ƙarewa, sai anjima.